Gaisuwar Da Ta Riƙe Kuɗin Rago

Babbar Sallar 2013 ta faɗo ranar Talata, 15 ga Oktoba. Ranar Litinin ta makon da ya gabace ta, tun kafin in ajiye jakata a ofishinmu na Abuja, wayar teburin Oga ta fara ruri. Wakilanmu ne daga Kano da Sakkwato da Gombe, kuma bakinsu ɗaya: mutane sun cika shago, 'yan'uwansu na Ingila sun turo musu kuɗin rago, ga lambar karɓa a hannu, amma kwamfuta ta ce a jira. Wani wakili ya ce akwai wata tsohuwa da ta shimfiɗa ɗankwalinta a bakin ƙofarsa, ta rantse ba za ta tashi ba sai da kuɗinta.

Aikin kamfaninmu ba shi da wuyar bayani. Wani banki a Landan yana karɓar kuɗi daga 'yan ƙasarmu mazauna can, mu kuma mu biya iyalansu a nan da naira. Sai dai kafin wakili ya ƙirga wa mutum ko sisi, dole mu tambayi bankin ko lambar gaskiya ce, kuma ba a riga an biya ta ba. Manhajar da take kai wannan tambaya ta dawo da amsa, ni na rubuta ta da harshen Java, shekara guda kafin nan, kuma ina alfahari da ita.

A can Landan, mai amsa tambayar ita ce babbar kwamfutar bankin, irin wadda ake kira menfirem, ƙirar kamfanin IBM, jikar wadda suka fitar a 1964 da sunan System/360. Tana aiki da z/OS, lissafin kuɗin kuma wani tsohon shiri ne na COBOL da yake gudana a ƙarƙashin CICS. Mu a ofis Giwa muke ce mata. Babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu, labarinta kawai muke ji. Tsakaninmu da ita akwai WebSphere MQ, manhajar layin saƙonni wadda ta fito a 1993 da sunan MQSeries, yanzu kuma ake ce mata IBM MQ. Aikinta kamar na gidan waya ne. Ka jefa wasiƙarka a akwatin tambayoyi, Giwa ta ɗauka ta duba, ta jefa amsa a akwatin amsoshi ɗauke da lambar wasiƙarka, kai kuma ka zo ka nemi taka. Mai kula da akwatunan shi ake kira manajan layi, kuma yana zaune ne a cikin Giwar.

Da na duba allo a safiyar nan, tambaya 25 kawai muke kammalawa a minti ɗaya. Bankin yana buɗe mana ƙofa awa 12 a rana, da dare ya rufe ya yi lissafinsa. Idan ka buga, 18,000 ke nan a yini, in komai ya tafi daidai. A ranakun da aka saba ba mu wuce dubu huɗu zuwa biyar, shi ya sa babu wanda ya taɓa lura. A makon kafin Sallah kuwa abin da ke shigowa ya haura dubu talatin. Kowace awa layi sai ƙara tsawo yake yi.

Laifi tudu ne. A taron da Oga ya kira da hantsi, ni na fara nuna yatsa. Na ce, "Oga, tsohuwar na'ura ce fa. Shirin da suke amfani da shi ya girme ni. Mu namu a gwaji ɗaruruwa yake yi a sakan." Abokin aikina mai kula da hanyoyin sadarwa, wanda muke kira Injiniya, shi kuma ya ɗora wa kamfanin da ke ba mu intanet. Oga mutum ne mai son abin da kuɗi zai iya warwarewa. Nan take ya sa a ninka mana faɗin layi, aka biya kuɗi mai tsoka, zuwa yammacin Talata aka ƙara. Muka taru a bayan allo kamar masu kallon ƙwallo. Lamba ta fito: 25 a minti. Ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Oga bai ce uffan ba, ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Ranar Laraba aka haɗa mu ta waya da mutanen bankin. A watan Oktoba kafin Ingila ta mayar da agogonta baya, lokacinmu da nasu ɗaya ne, don haka da ƙarfe goma daidai muka zauna. Bayan manajoji sun gama jifan juna da kalamai masu ladabi, sai aka ba wani dattijo dama, wanda aka ce shi ke kula da manajan layi tun zamanin MQSeries. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa. Ya ce ya duba bayanan da z/OS ke tarawa, waɗanda suke kira SMF, nau'i na 115 da na 116, masu nuna abin da manajan layi ya yi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ya ce akwatin tambayoyinmu kusan kullum wayam yake, duk wasiƙar da ta faɗo ana amsa ta cikin ƴan milisakan. Sannan ya ƙara da wata magana da na fassara wa kaina haka: "Ɗan saurayi, littafin ƙofata ya cika da sunanka. Ka shigo, ka fita, ka shigo, ka fita, sau hamsin a minti. Me kake mantawa a waje?"

Aka yi dariya a ɗakinmu, ni ban yi ba. Na ji maganar ta sauka a inda ya kamata, amma girman kai ya hana ni amsawa. Na ce za mu duba.

Daren nan ban koma gida ba. Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta, maigadi ya tayar da janareta, ni da Injiniya muka sayo shayi da burodi a bakin titi muka dawo. Ya ce, "Malam, mu daina gardama, mu kalli wayar da idonmu." Ya buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna kowane ƙunshin bayanai da ya fita ko ya shigo, da lokacinsa. Ƙofar aiki a rufe take da dare, amma bankin yana da manajan layi na gwaji da ke kwana a buɗe, ta hanya ɗaya da wancan. Muka tura tambaya guda ɗaya tak, muka tsayar da komai, muka zauna karatu.

Saƙonnin a rufe suke da makullin sirri, ba ka ganin abin da ke ciki, amma kana ganin lokacin tafiya da na dawowa. Kwamfutarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 1414, wadda ita ce ƙofar MQ ta al'ada. Shiru na milisakan 120, amsa ta dawo. Sai musayar takardun shaida da makullai, zuwa biyu da dawowa biyu. Sai manhajar MQ ta ɓangarenmu da ta Giwa suka shiga tambayar juna: wane zubi kake, wane irin haruffa kake rubutu da su, iyakar girman saƙonka nawa? Wannan tambayar haruffa dole ce, domin Giwa da EBCDIC take rubutu, mu kuma da UTF-8. Sai neman izinin shiga, sai buɗe akwati, sai jefa wasiƙa, sai rufe akwati, sai sallama. Injiniya yana ƙirgawa da bakin biro a bayan ambulan. Zuwa da dawowa goma, kowanne da shirunsa na milisakan 120.

Bai ajiye biron ba, domin ga wata ƙwanƙwasawar ta biyo baya. Manhajata, bayan ta yi sallama ta fita, sai ta sake dawowa daga farko don karɓar amsa. Wata gaisuwar, wata musayar makullin, wani buɗe akwatin. Goma a kan goma, ashirin. Ya buga 20 sau 120, ya samu 2,400, wato sakan biyu da kusan rabi. Ya raba sakan 60 da wannan. Ya juyo da ambulan ya tura gabana: 25.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san darajar gaisuwa. Ka shiga zaure ka yi sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da zafi, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Amma ka ɗauka an aike ka da wasiƙu dubu talatin gidan mutum ɗaya, sai ka riƙa kai ɗaya, ka gaisa tun daga kan maigida har awakin gida, ka miƙa, ka yi ban kwana, ka koma gida ka ɗauko ta biyu. Abin da na koya wa manhajata ke nan. A cikin sakan biyu da rabin nan, aikin Giwa bai kai ƙiftawar ido ba. Sauran duk jira ne a kan hanya.

Na kuma gane dalilin da gwajina ya yaudare ni. Lokacin da nake rubuta shirin, manajan layin da nake gwadawa da shi yana kan wata kwamfuta mai Linux a ƙarƙashin teburina. Zuwa da dawowa bai kai milisakan ɗaya ba. Gaisuwa ashirin tsakanin maƙwabta biyu masu katanga ɗaya ba ta cin lokaci. Na kwafi tsarin ne daga wani ɗan misali na koyo, mai buɗewa ya aika ya rufe, na sa shi a cikin zagaye, na ga yana gudu, na ce na gama.

Da asuba Oga ya shigo da niyyar a sake ƙara faɗin layi. Injiniya ya zaunar da shi ya yi masa bayani da abin da ya sani. Ya ce, "Oga, ko an mayar da titin Abuja zuwa Kano hannu goma, nisan bai ragu da taku ɗaya ba. Mu mota ɗaya muke da ita a kan titin, tana kai da kawowa." Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Wayar Glo-1 da ke ƙarƙashin teku, daga Legas zuwa Bude a Ingila, tsawonta kusan kilomita 9,800 ne. Irin wannan tafiya, zuwa da dawowa, ta cinye kusan milisakan ɗari tun kafin ka ƙara nisan Abuja zuwa Legas da tsaye-tsayen na'urorin kan hanya. Wannan ba abin da kuɗi ke ragewa ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne yawan tafiyar.

Na ce, "Oga, laifin nawa ne." Ya kalle ni ya ce, "To gyara. Maganar laifi sai bayan Sallah."

Gyaran farko bai kai layi talatin na rubutu ba. Na fitar da shiga da buɗe akwati daga cikin zagayen, shirin ya riƙa gaisawa sau ɗaya da safe, ya bar akwatunan biyu a buɗe, sai in layi ya yanke ya sake ƙwanƙwasawa. Tafiya ashirin ta koma biyu: jefa tambaya, ɗauko amsa. Da hantsin Alhamis muka saka shi. Lamba ta tashi daga 25 zuwa wajen 240 a minti. Wata abokiyar aikinmu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofis, har masu gadi suka leƙo.

Amma bashin kwana uku ya taru, ga sababbi suna kwarara. Wani matashi a cikinmu ya kawo shawara. A MQ saƙo iri biyu ne. Akwai mai ɗorewa, wanda manajan layi ke rubutawa a kundinsa na faifai kafin ya ce ya karɓa, ko da na'ura ta mutu ta tashi yana nan. Akwai kuma marar ɗorewa, mai sauƙi, wanda ke ɓacewa in an sake tayar da manajan. Matashin ya ce mu koma marar ɗorewa mu huta. Da muka faɗa wa dattijon Landan, ya ƙi ƙememe. Ya ce amsar da ke cewa an cire kuɗin wani ba abin da za a bari iska ta kwashe ba ne, kuma rubutun kundin nasa ƙanƙani ne in an gwada da milisakan 120 ɗinmu. Sai ya nuna mana wata hanyar.

Tun zubi na 7 na MQ, wanda ya fito a 2008, mai aikawa yana iya jefa saƙonni a jere ba tare da ya tsaya jiran "na karɓa" a kan kowanne ba. Ga saƙo mai ɗorewa, ana haɗa su a ƙulli ɗaya, a ƙarshe a tabbatar da ƙullin gaba ɗaya. In wani abu ya samu matsala, tabbatarwar za ta ƙi, a warware duka a sake. Muka raba shirin gida biyu, ɗaya yana aika tambayoyi hamsin-hamsin, wasu ma'aikata huɗu a cikin shirin suna tattaro amsoshi, kowanne da ƙofarsa. Dattijon ya ja mana kunne a kan abu ɗaya: in layi ya yanke daidai lokacin tabbatarwa, ba za mu san ko ƙullin ya shiga ko bai shiga ba. Don haka kowace tambaya ta ɗauki lambar da ba ta da ta biyu, yadda ko mun sake turawa bankin zai gane maimaici ne. Daren Alhamis muka gwada a kan na gwaji, Injiniya yana zare waya daga bayan na'ura da hannunsa a tsakiyar aiki, ni ina ƙirga abin da ya isa. Sau bakwai ya zare, ba mu biya kowa sau biyu ba.

Safiyar Juma'a abin ya tashi kamar an saki ruwan dam. Na fara tunanin tikitin motar gida. Wajen ƙarfe sha ɗaya sai na ga lamba tana saukowa a hankali. Tambayoyi suna tafiya da gudu, amma ɗauko amsa yana ƙara nauyi. Kafin in ɗaga waya, dattijon ya riga ni. Ya ce yanzu kam mun fara sa Giwarsa gumi, kuma shugabanninsa za su tambaye shi, domin kuɗin lasisin manhajojin menfirem yana bin yawan aikin da na'urar ta yi.

Abin da ya gano shi ne akwatin amsoshinmu cike yake da marayu. A kwanakin rikicin na kashe shirina na tayar ba adadi, kuma duk tambayar da ta gaji da jira aka sake turo ta, amsarta ta farko tana nan kwance babu mai nema. Ban sa musu wa'adin mutuwa ba. Dubbai sun taru a gaban layi. Mu kuma muna neman kowace amsa ne da lambarta. A z/OS, in akwati ba shi da fihirisa, manajan layi sai ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya daga farko har ya kai ga wanda ake nema, kamar mai neman takardarsa a buhun da ba a jera ba. Da layin ya yi zurfi, wasu saƙonnin ma sun sauka daga ƙwaƙwalwar na'ura zuwa faifai, sai an je an ɗauko. A da, gaisuwarmu ta rufe wannan ciwon. Da muka daina ɓata lokaci a hanya sai ya fito fili.

Wannan gyaran nasu ne, kuma a banki ba a taɓa na'urar aiki sai da takardar izini. Ya ce mu ba shi awa biyu. Muka tsayar da shirin, muka tafi masallaci. A sahu ina jin wayata tana motsi a aljihu, na san wakilai ne. Da muka dawo ya samu izinin gaggawa, ya kwashe marayun zuwa wani akwati don a tantance su daga baya, ya sa wa akwatin amsoshi fihirisa a kan lambar da muke nema da ita, wato abin da suke rubutawa INDXTYPE. Muka kuma yi yarjejeniya cewa kowace amsa za ta riƙa ɗaukar wa'adi. Ƙarfe uku da 'yan mintuna muka kunna. Kafin la'asar ta yi sanyi, layin da ya hana mu barci kwana huɗu ya ƙare ƙaƙaf. Wakilin nan ya bugo ya ce tsohuwar ta karɓi kuɗinta tun ranar Alhamis, amma ta bar saƙo a faɗa wa masu kwamfuta cewa rago ya ƙara tsada a kwanakin da suka riƙe ta, kuma Allah yana gani.

Bayan Sallah Oga bai tayar da maganar laifi ba. Abin da ya yi shi ne ya sa aka rubuta doka: duk shirin da zai yi magana da wata na'ura a ƙetare, sai an gwada shi da jinkirin hanya na gaske, ko da na roba ne aka saka masa a ɗakin gwaji. Faɗin layin da aka ƙara kuwa, kwantiraginsa na shekara ne, haka muka yi ta biya. Dattijon ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na aika masa da wasiƙar godiya da ban haƙuri kan abin da na faɗa game da tsohuwar na'urarsa, ya amsa da layi biyu, ya ce kowa da irin wannan ya fara, kuma in riƙa rufe abin da na buɗe, amma ba kowane minti ba.

Yau ni ma ina da yara a ƙarƙashina. Duk wanda ya zo mini da cewa na'urar wasu ce ke jan ƙafa, ba na musu da shi. Nakan miƙa masa biro da takarda in ce ya tura saƙo ɗaya, ya ƙirga mini sau nawa aka je aka dawo, kuma kowace tafiya milisakan nawa ce. Kai ma da kake wannan sana'a, kafin ka kira taro ka zargi na'urar mutane, ko ka sa maigidanka ya sayi abin da ba ya bukata, ka yi wannan ƙirgen tukuna. Ni ban yi ba, kuma talakawa ne suka biya da kuɗin ragonsu.